Wasiƙa Zuwa ga Giyar Otomatik

Ya ke giyar otomatik,

Dalilin wannan takarda shi ne wata magana da ta daɗe tana cin raina game da ke, na ga gara in faɗe ta a bainar jama'a, inda masu mota da makanikai za su ji. Ni tsohon yaron gareji ne. A Kaduna na tashi, a hannun kawuna wanda bakanike ne, a zamanin da kamfanin Peugeot na Kakuri, da ya fara harhaɗa motoci a 1975, ya cika titunan Arewa da 504. A lokacin sunanki kawai muke ji. Ranar da aka ce ga wata mota can an kawo marar kuloci, mu yara sai mu yar da sifana mu ruga kallo, mu leƙa ƙarƙashin sitiyari, mu ga birki da totur kawai, mu dawo muna ta al'ajabi. Ba mu san kin girme mu nesa ba kusa ba, tunda tun 1940 kamfanin General Motors na Amurka ya sa ki a motocin Oldsmobile da sunan Hydra-Matic.

Yau gari naki ne. Motocin iyali kin daɗe da gamawa da su, ba su nake nufi ba. Ina maganar motocin gudu ne, 'yan gajerun nan masu ƙofa biyu da ake ƙerawa don daɗin tuƙi kawai, waɗanda da can abin kunya ne a gan ki a cikinsu. Ferrari ya daina sa manuwal a motocinsa tun wajen 2012. Lamborghini ya yi sallama da ita a kan Gallardo, wadda aka daina ƙerawa a 2013. Corvette, abin alfaharin Amurkawa, da sabon samfurinta ya fito a 2020, da ke kaɗai ya zo. A Amurka baki ɗaya, cikin sababbin motoci 100 da ake sayarwa, da ƙyar a sami 2 masu kuloci. Sarauta kam kin ci ta, kuma da guminki kika ci.

Zan fara da ba ki haƙƙinki, domin a san ba ƙiyayya ce ta kawo ni ba. Kin fi kowane hannu sauri. Kafin direba ya taka kuloci, ya zare lamba biyu, ya tura uku, ya saki ƙafa, ke tuni kin gama, inji ko numfashi bai ja ba. Kuma ba kya kuskuren da ɗan Adam ke yi. Duk wanda ya taɓa tuƙa manuwal da ƙarfi ya san fargaban nan: kana sharara gudu a lamba biyar, kana so ka sauko huɗu, hannu ya zame ka faɗa biyu. Nan take tayoyi su ja inji ya juya fiye da ƙarfinsa, bawul su haɗu da fistin, kafin ka ce kwabo an yi asarar inji sukutum. Abin ya kai motocin Porsche suna rubuta irin wannan ɓarna a ƙwaƙwalwarsu, mai sayen tsohuwa ya sa a karanto masa kafin ya biya kuɗi. Ke kuwa ko direba ya danna, in kin ga lambar za ta kashe inji, sai ki ƙi shiga. Allah kaɗai ya san injuna nawa kika ceta da wannan ƙin. Ban kuma manta da gwiwar kawuna ta hagu ba, wadda shi da bakinsa yake cewa kuloci ne ya cinye ta, har a ƙarshen rayuwarsa sai a zaune yake salla. Na san mutanen da suka rasa ƙafa ɗaya kika mayar musu da tuƙi. Wannan alheri ne, kuma ba na raina shi.

Ita ma manuwal ba waliyyiya ba ce, ko da yake masoyanta ba sa son a faɗa. Kuloci abu ne da aka yi shi don ya cinye, kamar tafin takalmi. Faifan kansa ba shi da tsadar tayar da hankali. Mazauninsa ne matsalar, tsakanin inji da giya, inda ba a isa sai an raba su. A ƙaramar mota irin Mazda MX-5, mai inji a gaba da ja a baya, aikin yini ɗaya ne ga wanda ya iya: a kwance salansa, a cire farfela, a sauke giya, a canza, a mayar. Amma dubi Corvette, daga samfurin 1997 har zuwa na 2019. Injinta na gaba, giyarta na can baya tsakanin tayoyi, wani dogon bututu ya haɗa su. Kuloci yana jikin inji, amma kafin a kai gare shi sai an sauke ƙafafun bayan motar da giya da bututun gaba ɗaya. Ga kuma ɗan silindan nan mai tura kuloci, wanda a tsofaffin motoci a waje yake, noti biyu ka kwance ka sa sabo. A Corvette ɗin, da Nissan 370Z, ciki aka cusa shi. Roba ɗaya ta fara yoyo, ƙafar kuloci ta nutse ta ƙi dawowa, sai an sauke giya kafin a canza abin da bai fi tafin hannu ba.

Daga nan ne kalmar makanikai ta samo asali, wato “tunda an sauke”. Tunda an sauke, a canza faifai da murfinsa da boris. Tunda an sauke, a canza sil ɗin bayan inji, ko bai fara yoyo ba. Tunda an sauke, a duba filawil, wanda a motocin zamani ya zama mai ɓari biyu da sifirin a tsakani, ba a goge shi a mayar kamar na da, sai dai a sayi sabo da tsada. Masu Porsche Boxster da 911 na ƙarshen shekarun 1990 da farkon 2000 sun san wani boris na cikin inji da ya yi ƙaurin suna, kuma ranar canza kuloci suke jira su canza shi, don kada a biya kuɗin sauke giya sau biyu. Abin da zai ba ki mamaki, Ferrari F355, wadda sai an sauke injinta kafin a canza mata bel, kulocinta a can ƙarshen baya yake, ana cire shi giya na zaune daram. Ashe yawan wahalar bakanike daga teburin mai zane take fitowa, tun motar tana takarda. Saboda haka ba zan ce manuwal kullum ita ce mai araha ba. Saurayi mai zafin ƙafa zai iya cinye kuloci biyu, ke ko noti ɗaya ba a taɓa miki ba.

To me ya kawo ƙorafi? Bari in koma da ke gindin wata darbejiya.

Ina ɗan shekara 13 kawu ya fara bari in taɓa cikin giya. Wata tsohuwar motar haya ce mai zirga-zirga tsakanin Kaduna da Zariya, tana gurnani in za a sa lamba biyu, tana kuma tofar da lamba uku da zarar an saki totur. Kawu bai kwance komai ba sai da ya zagaya unguwa da ita, rediyo a kashe, kansa a karkace yana saurare. Da ya dawo aka sauke giyar, aka shimfiɗa kwali a inuwa. Ya fara da notin tsiyaye mai, mai maganaɗisu a kansa, ya nuna mini garin ƙarfen da ya manne, baƙi, mai laushi. Ya ce, “Yaro, in ka ga kamar kwalli, tsufa ne. In ka ga kamar tsakin masara, haƙori ya karye.” Sannan ya riƙa zaro kayan ciki yana jerawa yadda suka fito, ni ina wankewa da fetur a tsohon daro. Ya ɗauki wani zoben tagulla, ya zura babban yatsa ya shafa cikinsa, ya miƙo mini. Sumul yake kamar cikin cokali. Ya ciro sabo daga akwati ya ce in shafa, na ji yana kartar yatsa. Wannan ƙaramin zobe shi ke kama haƙoran giya ya daidaita gudunsu kafin su haɗu, dabarar da Cadillac ya fara sa wa motocinsa a 1928. In ya cinye, gurnani ke nan. Aka aike ni Panteka na sayo ɗan'uwansa da boris ɗaya. Washegari kafin la'asar direban yana lodi a tasha.

Abin da nake so ki gane shi ne, darasin wannan yini bai tsufa ba. Ki buɗe giyar Honda S2000, ko ta MX-5, ko ta Porsche mai kuloci, za ki tarar da zoben nan, da cokulan tura giya, da sanduna, da boris. An gyara ƙarfen, an ƙara lambobi, amma yaren ɗaya ne, wanda ya koye shi a gindin bishiya zai karanta shi har gobe. Kuma manuwal ba ta mutuwar fuju'a. Tana yin wata da watanni tana faɗin ciwonta: kuloci ya fara kamawa a sama, wari ya fara tashi a hawa, lamba biyu ta fara gardama da safe. Ko a hanya ta gaza, sau da yawa takan rarrafa da kai gida. In batir ya mutu, mutum uku su tura, ta tashi.

Ke kuwa ba ɗaya ba ce. Ku uku ne kuke amsa suna ɗaya, kuma halinku ya sha bamban, shi ya sa gardamar da ake yi a kanki take yawan zama ta kurame. Wadda ta fi ba mutane wahala ita ce ta tsakiya, wadda a filin tsere aka haife ta. A 1989 injiniya John Barnard ya yi wa Ferrari motar Formula 1 da ake canza mata giya da yatsu daga bayan sitiyari. Nigel Mansell ya ci tseren farko da ita a Barazil, amma a yawancin tseren wannan shekara motar ba ta kai ƙarshe ba. Duk da haka dabarar ta karɓu, a 1997 ta fito titi a jikin F355. BMW ya yi tasa ya kira ta SMG, Lamborghini ya kira tasa e-gear. Gaskiyarta ita ce manuwal ce aka cire mata ƙafar kuloci, aka ɗora mata famfon mai da bawul-bawul na lantarki su riƙa yin aikin ƙafa da hannu. A BMW M3 na farkon shekarun 2000, akwatin giyar ma ɗaya ne da na manuwal ɗin. Sai ta gaji ciwon gida biyu: kuloci yana cinyewa kamar kullum, a gosilo ma ya fi saurin cinyewa, ga famfo yana mutuwa, ga sai an jona kwamfuta an koya mata sabon kuloci kafin ta yarda da shi. Yau a Turai da Amurka akwai garejin da sana'arsu ke nan, cire wannan tarkace a mayar wa mota ƙafarta ta uku. Ferrari F430 mai manuwal ta asali kuwa ta fi 'yar'uwarta mai yatsu tsada a kasuwar tsofaffi.

Autarku, mai kuloci biyu, ta fi wayo. Ɗaya yana riƙe da lamba ɗaya da uku da biyar, ɗayan yana riƙe da biyu da huɗu da shida, kafin wannan ya saki wancan ya kama. Porsche ya gwada ta a motocin tsere a shekarun 1980, Volkswagen ya fito da ita kasuwa a Golf R32 a 2003, sannan ta shiga 911 a 2008 da sunan PDK. Masu kulocin da ke iyo cikin mai suna da juriya, PDK ma ta yi suna mai kyau, ba zan ɓoye ba. Masu busasshen kuloci su ne suka sha kunya. A watan Maris na 2013 Volkswagen ya janye motoci kusan 384,000 a ƙasar Sin saboda irin wannan giya, a watan Nuwamban shekarar kuma ya kira wajen miliyan 1.6 a duniya don a canza musu irin man da aka zuba, wanda ke jawo matsala ga lantarkin ciki.

Babbar yayarku ita ce ta asali, mai fankoki biyu suna fuskantar juna cikin mai, na inji yana kaɗawa, na giya yana bi. An daɗe ana yi mata kallon ta tsofaffi, sai ga kamfanin ZF na Jamus ya fito da mai lamba 8 a 2009, ta rufe bakin kowa. BMW da kansa ya bar mai kuloci biyu ya dawo gare ta a M5 da M3. Ita ce a Toyota Supra ta 2019, da Jaguar F-Type, da Dodge Challenger. In maganar rashin yawan lalacewa ake yi kawai, na sara mata.

Ga inda raina ya fara ɓaci. Ranki a mai yake. Shi ke ɗaukar ƙarfin inji, shi ke danna faya-fayanki na ciki, shi ke sanyaya ki, shi ke wanke ki. Amma sai wasu masu ƙera motoci suka rubuta wa mai saye cewa man cikinki ba a canza shi muddin ran motar. Suka cire sandar awon nan da muke zarowa mu goge da tsumma, mu duba launi, mu sansana. Yanzu kafin a san mai ya cika ko bai cika ba, sai an ɗaga mota ta daidaita, inji na aiki, an jona kwamfuta ana kallon zafin man har ya kai mizanin da aka ƙayyade, sannan a kwance noti a ga ko zai ɗigo. Alhali ZF da ya ƙera ki da hannunsa ya ba da shawarar a canza man tsakanin kilomita 80,000 da 120,000, ko bayan shekara 8, in motar tana shan zafi da wahala. To wace mota ce ba ta shan zafi a wajenmu? A Kano ko Sakkwato, watan Afrilu zafi yana haura digiri 40 a inuwa, ga ƙura, ga gosilo. Motar ta gama shekara goma a Turai ko Amurka, ta biyo ta Kwatano ko Legas, man da ke cikinta tun na masana'anta ne. Mai ita na farko ya ci moriyar alkawarin ya wuce. Na uku da na huɗu, mu ke nan, a hannunmu abin yake fashewa.

Bara na je Kano gaida wani abokina da muka yi yarinta tare a garejin kawu, yanzu shi ma maigida ne da yaransa. A kusurwar gareji na hangi wata jar mota mai ƙofa biyu, an lulluɓa mata tamfol, tayoyi sun sace, kaji suna kwana a ƙarƙashinta. Wata huɗu ke nan, in ji shi. Mai ita saurayi ne da ya yi shekaru yana tara kuɗi don ita. Wata rana yana tafe fitila ta kama a gabansa, motar ta maƙale a lamba uku, ta ƙi gaba ta ƙi baya daga nan. Abokina ya ja ni ɗakin kaya, ya buɗe wani kwali. Ya fara nuna mini man da ya tsiyaye a gora, baƙi kamar shayin da ya kwana a wuta, yana ƙaurin tuwon da ya kama tukunya. Sannan ya ɗago ƙwaƙwalwarki, wani falalen gorar ruwa mai nauyi, jikinsa duk hanyoyi kamar gidan gara. Ya nuna wani ɗan wuri da farcensa. A nan sensan yake, mai gaya wa ƙwaƙwalwa wace lamba aka shiga, bai kai ɗan yatsa ba, an narka roba an binne shi tare da allon lantarki. Haƙoran giyar lafiya lau suke, ya duba. Amma sensan ba a sayar da shi shi kaɗai.

Zaɓi biyu ya rage musu. Ko a yi odar sabuwar ƙwaƙwalwa, kuɗin da ya kusa rabin abin da aka sayi motar, ko a shiga kasuwa a sayi tsohuwar giya sukutum da aka ciro daga wata motar da ba wanda ya san tarihinta, cinikin biri a sama. Saurayin ya ci bashi aka sayi tsohuwa. Kwana biyu abokina da yaransa uku suna fama, suka sauke, suka ɗora. Aka tayar da inji, aka sa giya, motar ta ƙi motsi. Ƙwaƙwalwar da ta zo tana ɗauke da lambar wata mota, kuma ba za ta amsa wa wannan ba sai an gabatar da su da na'urar kamfani, ta intanet, da izinin da ba a ba irinsa. Ya mayar da falalen cikin kwali ya ce, “Mutumina, na san ciwon, na san maganin, ɗakin ne aka kulle aka tafi da makulli.” Muna tsaye sai ga saurayin ya shigo, daga masallacin Juma'a yake, da farar shaddarsa. Ya gaishe mu, ya ɗaga gefen tamfol ya share ƙurar fitila da hannunsa, ya ce, “Oga, ya ake ciki?” Abokina ya sunkuyar da kai. Mutumin da ya fi shekara 30 yana wannan sana'a, wanda ke gane ciwon inji daga ƙofar gareji, ya rasa abin faɗa wa sa'an ɗan cikinsa. Har na koma Kaduna wannan sunkuyon bai bar idona ba.

Kada ki ce talaucinmu ne ko nisanmu. Masu Porsche a Amurka da Turai sun daɗe suna irin wannan kuka, cewa in ƙaramin sensa ya mutu a cikin PDK, dillali ba ya buɗewa, sai ya ce a canza giyar duka, har sai da wasu makanikai masu zaman kansu suka koyi buɗe ta. Kukan ya kai gaban hukuma. Jihar Massachusetts ta Amurka ta yi dokar 'yancin gyara a 2012, masu zaɓe suka faɗaɗa ta a 2020, Tarayyar Turai ma ta wajabta wa kamfanoni su ba gareji masu zaman kansu bayanan gyara. Tun 1996 Amurka ta tilasta kowace mota ta zo da soket iri ɗaya na jona na'urar gwaji, kuma albarkacin wannan ne yau yaro a Kano yake karanta ciwon mota da 'yar na'ura a hannu. Doka ɗaya a can ta buɗe mana ƙofa a nan.

Idan ana cewa mota tana da aminci, tambaya biyu ce a ciki. Ta farko, sau nawa take lalacewa. Ta biyu, in ta lalace, kwana nawa za ta yi a kwance, kuma wa ya isa ya tashe ta. Masu ƙera ki ta farko suke ƙirgawa, ita ma cikin shekarun garanti, kuma a nan kina cin jarrabawa. Ta biyu ce ba a yi miki ba. Manuwal tana neman bakanike a kai a kai, tana cin kuɗin aiki, amma kuɗin ana ganin zuwansa daga nesa, kuma a aljihun maƙwabci yake faɗawa. Ke kina yin shekaru ba ki nemi kowa ba, ranar da kika nema kuwa sai ki nemi abin da babu.

Mu ma da namu laifin, ba zan rufe shi ba. Har yanzu akwai makanikan da a wurinsu duk jan mai ɗaya ne, su ɗura wa mai kuloci biyu man da aka yi don wata giyar daban. Akwai masu ɗaure ki da igiya su ja ki kilomita da yawa inji a kashe, famfonki ba ya juyawa, cikinki na cin kansa a bushe. Akwai masu buɗe ki a fili iska na kwaso yashi, alhali ƙwayar yashi ɗaya ta isa ta toshe bawul. Akwai masu canje-canjen kaya a kan zato, da kuɗin mai mota, har a dace ko a gaji. Yaron gareji na yau yana bukatar karatu, da mita, da ɗaki mai tsabta, kamar yadda muka bukaci kunne da yatsa. Iyayen gidan da ke hana yaransu zuwa makarantar koyon sana'a suna cutar su, suna kuma cutar sana'ar.

Wanda ya tambaye ni shawara, ga abin da nake faɗa masa. In tsohuwar motar gudu zai saya, wadda ta haura shekara goma, ba takardar sabis, kuma a ƙasarmu zai hau ta, ya nemi manuwal, ya ware kuɗin kuloci tun ranar ciniki. In ya nace sai ke, ya nemi babbar yayar, ya canza mata mai da matata a satin farko, da ainihin man da aka rubuta mata. Ta tsakiyar nan kuwa, mai famfo a madadin ƙafa, ya bar wa masu hali.

Saura saƙona, wanda nake so ki kai wa iyayen gidanki a Friedrichshafen da Stuttgart da Maranello, wato ZF da Porsche da Ferrari. Na san suna jin kira. A 2013 Porsche ya fito da GT3 da PDK kaɗai, masoya suka yi ca, a 2016 ya yi 911 R mai manuwal guda 991 aka wawashe su, a 2017 ya mayar wa GT3 kulocinta. Toyota ma ya ƙara wa Supra manuwal a 2022. Kunnen da ya ji masu neman daɗin tuƙi zai iya jin masu neman gyara. Ki ce musu su rubuta gaskiyar ranar canza mai a littafin mota, su bar wurin da za a auna shi ba tare da wahala ba. Su sayar da sensa shi kaɗai, da bawul shi kaɗai, da sil shi kaɗai, kamar yadda ZF ke sayar da kayan sabis ɗinsa ga kowa. Su bar bakanike mai rajista, ko a Kano yake ko a Yamai, ya biya kuɗi daidai gwargwado ya gabatar da giya ga mota. Kuma mai zane, kafin ya binne wani abu a ciki, ya tuna akwai wanda zai kwanta a ƙasa wata rana ya neme shi.

Jiya na yi waya da abokina. Jar motar tana nan ƙarƙashin tamfol, saurayin kuma bai fasa zuwa ranar Juma'a ba.

Ki huta lafiya.

Naki,
Tsohon yaron gareji, daga Kaduna.